Yadda Bakano Zai Shirya Tafiyarsa Ta Farko Zuwa Dutsen Ƙanƙara

Da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe gari har mutum ya tsaya a kan Dala bai hango Goron Dutse ba, akwai tambayar da ba ta fashin iske ni a shago. Wani zai ga hoton abokinsa a Facebook tsaye cikin dusar ƙanƙara, ko'ina fari fat, sai ya jawo benci ya zauna ya miƙo mini wayar. "Alhaji, kai da kake zuwa Turkiyya saro kaya, wai nan ina ne? Mu ma za mu iya zuwa da iyali?" Za ku iya mana. Na je ni kaɗai, na koma da iyalina, kuma ina yi wa duk mai hali fatan ya je ya ga wannan aya ta Ubangiji da idonsa. Sai dai akwai abin da hoto ba ya nunawa, shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Sanyin can ba hunturu ba ne. A nan Kano, ranar da muke cewa jaura ta sauko, ruwan randa ya gagari alwala, ma'auni bai cika sauka ƙasa da digiri 10 ba. A kan dutsen kuwa, digiri 5 ko 10 ƙasa da sifili abin yau da kullum ne, ga iska mai yanka kunne. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Kano tana wajen mita 500 ne sama da teku, ƙololuwar dutsen Uludag na Turkiyya kuwa mita 2,543. Don haka shirin daga nan gida yake farawa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Fara da ganin likita

Kafin biza, kafin tikiti, asibiti. Mu mun san sikila, da wuya ka sami dangin da babu mai ita. Manyan abubuwan da ke tayar da ciwon su ne sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin iskar shaƙa, kuma duk ukun suna jiran mutum a kan dutse. Idan a cikin 'ya'yanka akwai mai SS, kada ka biya ko sisi sai likitan da ke duba shi ya yi magana, in ya ce a'a, to a'ar ce. Ko mai AS da yake jin kansa garau, a wuri mai tsayi sosai saifarsa na iya tashi da ciwo mai tsanani a hagun ciki. Ya san da wannan, ya zaɓi dutse mara tsayi, ya yawaita shan ruwa. Mai asma ya sa abin shaƙarsa a aljihun ciki, domin iska mai sanyi tana shaƙe ƙirji. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai juna biyu, mai ciwon gwiwa, kowa ya ji ta bakin likita tukuna.

Ka tafi da magungunanka cikin kwalinsu na asali. In zazzaɓi ya rufe wani a can, a faɗa wa likita tun a bakin ƙofa cewa daga Najeriya aka zo, a gwada na cizon sauro, domin ba shi ne zai fara zuwa musu a rai ba.

Wane dutse za ka nufa

Sunayen da aka fi ji su ne na Turai: Chamonix ta Faransa a gindin Mont Blanc, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, da garuruwan Suwizalan da Ostiriya. Wurare ne masu kyau, amma ga tsadar biza, ga tsadar masauki, ga wahalar neman halal. Ga mai zuwan farko daga Kano, ni Turkiyya nake ba da shawara, ba na ko shakka. Hanya ce da 'yan Kwari da 'yan Sabon Gari suka saba bi, kiran salla kana jin sa daga ɗakinka, nama ba sai ka yi ta tambaya ba.

Uludag tana saman birnin Bursa, ita ce ta fi sauƙin zuwa daga Istanbul. Otal-otal ɗinta suna wajen mita 1,800, ba ta yi tsayin da zai wahalar da numfashi sosai ba, ga itatuwa masu tare iska. Aibinta cunkoso da tsada, musamman Asabar da Lahadi, domin mutanen Istanbul duk can suke kwarara. Erciyes tana kusa da Kayseri, tsohon dutse mai aman wuta ne, mita 3,917 a ƙololuwa, kilomita 25 kacal daga gari. Hanyoyin zamiyarta, wato inda ake ɗaura alluna a ƙafa a sulale a kan ƙanƙara, sun haura kilomita 100, masu faɗi ne, kuma a zuwan da na yi ta fi sauƙin kuɗi, tunda za ka iya kwana a cikin gari ka hau da safe. Amma ta fi tsayi, babu itatuwa, iska tana dukan mutum kai tsaye. Palandoken ta Erzurum, inda aka yi gasar hunturu ta jami'o'in duniya a 2011, ka bar ta sai ka goge, sanyinta na daban ne. Wanda kwana ɗaya kawai ya rage masa bayan saro kaya, akwai Kartepe, ana zuwa a dawo Istanbul a yini.

A nahiyarmu ma akwai. Maroko tana da Oukaimeden a tsaunukan Atlas, sama da Marrakesh, sai dai ƙanƙararta ba ta da tabbas, wata shekarar a samu, wata a yi ta jira. Lesotho tana da Afriski, ita kuma lokacinta Yuni zuwa Agusta ne, daidai da daminarmu. Wanda jinya ko karatu ko kasuwanci ya kai shi Alƙahira, ya leƙa Ski Egypt da aka buɗe a 2017 cikin Mall of Egypt. A Dubai akwai Ski Dubai tun 2005. Waɗannan biyun ƙanƙarar inji ce a cikin gini, amma awa biyu a ciki za ta gaya maka ko jikinka da na 'ya'yanka za su ɗauki abin, kafin ka zuba manyan kuɗi.

Lokaci kuma daga ƙarshen Disamba zuwa Maris ne, Janairu da Fabrairu sun fi tabbas. Ka kauce wa hutun makarantun Turkiyya na mako biyu da ke faɗowa daga ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu, kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabi, layi kuma ba a magana. Ka sa kwanakinka tsakanin Litinin da Alhamis. A shekarun nan azumi yana kamawa ne cikin Fabrairu, yana kuma matsowa Janairu, don haka a duba kalanda kafin a yanki tikiti. Kwana uku a kan dutse sun ishi mai zuwan farko.

Takardu da kuɗi

Ɗan Najeriya sai da biza yake shiga Turkiyya, kuma ba ta fita a kwana biyu, ka fara nema wata biyu ko uku kafin tafiya. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ga bayanan asusun banki, ga shaidar kama otal, ga tikitin zuwa da dawowa, ga katin rigakafin shawara. Kada ka yarda wani ɗan kamasho ya ce zai "gyara" maka takardar banki. In aka gane, ba wannan tafiyar kaɗai ka rasa ba.

Inshora kuma, a nan mutanenmu suke yin sakaci. Wadda ake yanka don cika sharaɗin biza sau da yawa ba ta ɗaukar raunin wasan ƙanƙara. Ka tambaya a fili, a nuna maka a rubuce cewa ta haɗa da wasannin hunturu da ɗauko mutum daga kan dutse. Karayar ƙafa a ƙasar mutane ba tare da inshora ba tana iya cinye jarin shekara.

Jirgin da ke zuwa Istanbul kai tsaye daga Abuja ko Legas yake tashi. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano kuwa sai ka bi ta Alƙahira ko Addis Ababa ka canza. Ka yi canjin dala ko yuro a Wapa kafin ka tashi, ka mayar da su lira a cikin gari, domin canjin kan dutse ba shi da daɗi. A lissafinka ka ware kuɗin abubuwa huɗu da mutane kan manta: hayar kayan wasa, katin hawa abin da ke kai mutum saman dutse, kuɗin mai koyarwa, da abincin rana a kan dutse, wanda ya ninka na gari.

Sutura, inda aka fi yin kuskure

Zuwana na farko, singiletin auduga na sa, na ɗora riga, na ɗora suwaita biyu masu kauri irin waɗanda muke fita da su sallar asuba. Ina fara motsi na yi gumi, audugar ta sha ruwa ta riƙe, da na zauna a kujerar igiya, wadda ke ɗaukar mutum zuwa saman dutse, iska ta buso sai na ji kamar an manna mini jiƙaƙƙen tsumma a baya. Awa ɗaya ban yi ba na sauko ina rawar ɗari, yinin nan ya tafi a banza. Daga ranar na riƙe ƙa'ida: auduga ba ta hawa dutse. Shadda, yadi, wandon jins, atamfa, duk a bar su a ɗaki don yawon gari.

Hawa uku ake yi. Na jikin fata riga da wando masu kama jiki, na ulu ko na zaren roba irin na rigar 'yan ƙwallo, masu fitar da gumi su bushe da wuri. Na tsakiya suwaita mai laushi mara nauyi, ita ke riƙe ɗumi. Na waje jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. In zafi ya dame ka ka cire na tsakiya, in sanyi ya ƙaru ka mayar.

Ba sai ka je Turai ka sayi waɗannan ba. A cikin dilolin gwanjon da ake kwancewa a Kofar Wambai da Sabon Gari akwai jaket da wandunan ƙanƙara na gaske, waɗanda mu a nan ba mu da abin yi da su. Na taɓa tsugunawa gaban wani dattijo mai gwanjo ina jujjuya wani wando mai kauri, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ya fi wata uku a nan, ko 'yan acaɓa sun ce ya yi musu nauyi." Na buɗe bakin ƙafar na ga akwai wata 'yar riga ta ciki mai roba, wadda ke kama wuyan takalmi ta hana ƙanƙara shiga. Alamar farko ke nan. Na juya cikinsa na ga an bi ɗinkin da wani siririn lanƙaye an toshe hudojin allura. Alama ta biyu. Na roƙi ruwan leda na ɗiga a kai, ruwan ya dunƙule ya gangara bai shiga ba. Shi nake sawa har yau. Ka je tun Oktoba ko Nuwamba, kafin sanyi ya sa kaya su yi tsada, ka gwada kowane zif da hannunka.

Safar hannu dole ta zama mai hana ruwa, ta ulu da ake saƙawa tana jiƙewa cikin minti biyar. Safar ƙafa doguwa har gwiwa, ta ulu, guda ɗaya tak ake sawa. In ka ninka biyu takalmi zai matse, jini ya daina gudu, ƙafar ta fi yin sanyi. Sai abin rufe wuya da hanci, da hular sanyi mai rufe kunne, da takalmi mai tudun ƙasa don tafiya, domin mai santsin ƙasa zai kayar da kai tun a ƙofar otal. Ga mata, hijabi gajere mai kama kai shi ke shiga ƙarƙashin hular kwano, a cusa bakinsa cikin jaket. Dogon mayafi ko gyale mai lilo haɗari ne, yana iya maƙalewa a ƙarfen kujerar igiya. Jaket mai saukowa har cinya da wando mai yalwa suna suturta mace tsaf.

Ido ma yana son kariya. Sabuwar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, wanda ya yini ba tabarau da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ido. A sayi tabarau mai kare wannan hasken, a shafa man kariyar rana a fuska, baƙar fata ma tana ƙonewa. Man kaɗanya kuma ka ɗura a ƙaramin gwangwani don leɓe da hannu, a nan ya fi duk abin da za ka saya a can.

Wata guda kafin tafiya ka fara shirya ƙafafunka. Hawa matakalar Dala ko Goron Dutse sau uku a mako, saukowa a hankali, domin saukowa ce ke gina cinyar da zamiya take buƙata. A gida kuma ka jingina bayanka da bango kamar kana zaune a kujerar da babu, ka ƙirga talatin, kullum kana ƙarawa.

Daga Istanbul zuwa saman dutse

In Uludag ka zaɓa, ko ka hau jirgin ruwa ya tsallaka da kai tekun Marmara zuwa Mudanya da ke kusa da Bursa cikin wajen awa biyu, ko ka shiga bas ta bi gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016. Daga cikin Bursa akwai motar igiya, su suna ce mata teleferik, mai tsawon kusan kilomita 9, tana tashi daga unguwar Teferruc ta yada zango a Sarialan ta ƙare a wajen otal-otal. Wajen rabin awa ce, kuma ita kanta ta isa a biya kuɗin jirgi dominta: kana kallo rufin gidaje zai koma daji, kore ya koma fari, surutun gari ya ɗauke ɗif. Ranar da iska ta yi ƙarfi ana tsayar da ita, sai a bi ƙananan bas ta hanya. Kada ka ɗauki hayar mota ka ce za ka tuƙa da kanka. Hanyar sai an ɗaura wa taya sarƙa, kuma birki a kan ƙanƙara wani ilimi ne da ba mu koya a titin Zariya ba. In Erciyes ce, jirgin sama daga Istanbul zuwa Kayseri wajen awa ɗaya da rabi ne.

Ranar da ka isa kada ka fara zamiya. Ka zaga, ka sha ruwa, ka yi barci. Daga mita 2,500 zuwa sama wasu kan ji ciwon kai da tashin zuciya da kasala. In ya ƙi lafawa, maganinsa saukowa ƙasa.

Shagon haya

Allunan zamiya, takalmi, sanduna da hular kwano duk haya ake yi, kada ka saya. Za su tambayi nauyinka da tsayinka da ko ka iya. Ka faɗi gaskiya, ka ce yau ne farko. Da wannan bayanin suke saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allo, yadda in ka faɗi zai saki ƙafarka. Wanda ya ce ya iya alhali bai iya ba, za a ɗaure masa tamau, ya faɗi allon ya ƙi fita, gwiwa ta murɗe. Allon ɗan koyo gajere ne, in ka tsayar da shi kada ya wuce haɓarka.

Takalmin yana da tauri da nauyi, kada wannan ya firgita ka. In ka miƙe tsaye yatsunka su ɗan taɓa gaba, in ka lanƙwasa gwiwa su janye, dunduniya kuma kada ta ɗaga. Babu abin da ke shiga cikinsa sai safa, ko bakin wandon ciki a ja shi sama. In yana cizonka a wani wuri, ka mayar a canza tun kana shagon. Hular kwano kuwa kowa da kowa, babba da yaro.

Ka ɗauki mai koyarwa

Kada aboki ya ce zai koya maka, kada ka ce ka kalla a YouTube. Awa biyu da ƙwararren mai koyarwa, na makarantar da ke da ofis a wurin, sun fi kwana uku kana faɗuwa kai kaɗai. Ka nemi mai jin Turanci, ku yi ciniki kafin a fara. Kada ka ji kunyar tsayawa a filin yara da furfurarka. 'Yan matan da suka kai tutar Najeriya gasar Olamfik ta hunturu a Koriya ta Kudu a 2018, su Seun Adigun, da amalanken katako suka fara atisaye kafin su taɓa ƙanƙara.

Zai fara sa ka tafiya da allo ɗaya a fili, sannan biyu. Tsayuwar ita ce gwiwa a lanƙwashe, ƙwabrinka yana danna harshen takalmi, hannaye a gaba kamar mai riƙe da kan keke, ido a inda za ka ba a ƙafarka ba. Tsoro yana sa mutum ya kwanta baya, kuma da ka kwanta baya allunan za su gudu da kai.

Sai babban darasi, wanda Turkawa da Turawa duk suke kira garma. Ka kusanto da kawunan allunan a gaba ba tare da sun haɗu ba, ka tura dundunniyarka waje su buɗe ta baya, kamar bakin garma. Iya buɗewarka iya raguwar gudunka, in ka buɗe sosai ka tsaya cak. Juyawa ma daga nan take: ka danna ƙafar dama za ka karkata hagu, ka danna ta hagu ka karkata dama. Kada ka bar filin koyo sai ka iya tsayawa a duk inda aka nuna maka.

Faɗuwa kuwa za ka faɗi, kowa yana faɗuwa. In ka ji za ta zo, ka saki jiki ta gefe a kan kwankwaso, kada ka tokare da tafin hannu, kada kuma ka yi yunƙurin tashi kana cikin sulalewa. In ka tsaya, ka juyo da allunan su koma ƙasa da kai, a gicciye da gangaren, ka dafa ka miƙe. In ya gagara, ka danna maƙalin baya ka cire allo ɗaya.

Abin hawa iri-iri ne. Akwai shimfiɗa mai tafiya da kanta, tsayawa kawai za ka yi. Akwai sanda mai jan mutum daga baya, ba a zama a kanta, tsaye ake yi ta ja ka. Sai kujerar igiya: ka waiwaya ka tarbe ta, ka zauna, ka sauke ƙarfen kariya, in an kusa sauka ka ɗaga shi, ka ɗaga kawunan allo, ka miƙe ka sulale gefe don na baya. Ka gaya wa ma'aikacin wurin cewa kai sabo ne, zai rage mata gudu. Ranar farko ba ka buƙatar katin hawa na yini duka, ka tambayi mai koyarwa wanda ya dace.

Hanyoyin suna da launi. Kore da shuɗi na masu koyo, ja na waɗanda suka iya, baƙi na ƙwararru. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai za ka kauce masa. Ba a tsayawa a tsakiya, ko a ƙuntataccen wuri, ko bayan tudu inda na sama ba ya hango ka. Kafin ka shiga hanya ka dubi sama kamar mai tsallaka titi. Igiya ko raga da aka gitta, kada neman hoto ya sa ka tsallake ta, a bayanta ne ƙanƙara ke zaftarewa ta binne mutane. Lambar agaji 112 ce, a Turkiyya da Turai duka. Da ka ji cinya ta fara rawa ka tsaya, yawancin rauni da yamma yake zuwa, lokacin da mutum ya ce bari in ƙara ɗaya.

Salla, ci da sha

A Janairu rana ba ta fitowa a Bursa sai bayan ƙarfe 8, kuma agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Ɗakin salla za ka ga an rubuta mescit a ƙofarsa, masjid ke nan a bakinsu. Ka yi alwala a masauki da ruwan ɗumi, ka goge jiki ya bushe sarai kafin ka fita, ka haɗa hutun abincin rana da azahar tunda a lokacin za ka cire takalmi. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da shafa a kan huffi, ka zauna da malaminka tun a gida ya warware maka. Huffin fata akwai a Kasuwar Kurmi, a can ma ana sayarwa kusa da masallatai da sunan mest. Yana da amfani a cikin takalmin yawo, amma ba ya shiga na zamiya.

Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, ka sha ruwa ko ba ka ji ba. Dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu suna taimako. Miyar adas mai zafi da burodi ta fi komai gyara jiki da rana, ga shayi, ga salep, wani abin sha mai kauri kamar kunun madara da ake barbaɗa wa kirfa. Wasu otal-otal na kan dutse suna da mashaya da kiɗan dare, mai iyali ya tambaya kafin ya kama ɗaki.

Ka sa ido a kan yara

A zuwanmu da iyali, ɗan ƙanwata mai shekara 12 ya cire safar hannu yana ɗaukar bidiyo, ni kuma hankalina yana kan ƙaramar 'yata. Can ya zo ya ce, "Kawu, ba na jin yatsuna." Na duba na ga kawunansu sun yi fari-fari sun ƙage. Na ja shi da gudu zuwa ɗakin shan shayi zan kara hannun a jikin murhu, wata ma'aikaciya ta tare ni da sauri. Ta kawo roba da ruwa mai ɗumi kaɗan, irin wanda za a yi wa jariri wanka, ta sa hannun a ciki, ta hana ni murzawa. Yatsan da ya mutu da sanyi ba ya jin wuta, sai ya ƙone mai shi bai sani ba, murzawa kuma tana ɓata naman. Bayan wajen minti 20 jini ya dawo, yaron yana kuka don zafi, ni kuwa ina hamdala. Da launin bai dawo ba, ko ya yi bororo, asibiti za mu nufa. Tun daga nan duk rabin awa nake duba yatsu da kunne da hancin kowane yaro. Wanda kuma ya yi ta rawar ɗari, magana ta fara sarƙe masa, yana jin barci, a shigar da shi ciki nan take, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a kira agaji. Wayar ma sanyi yana zuƙe mata caji, a ajiye ta a aljihun ƙirji.

Ba kowa ne sai ya hau allo ba. Mai ɗakina ba ta taɓa sawa ba, amma ita ta fi mu jin daɗin tafiyar. Ana hayar 'yar kujerar sulu ta roba, yara su zauna su gangaro a filin da aka keɓe, ana hawa kujerar igiya don kallo kawai, akwai babur ɗin ƙanƙara da direbansa. Hajiya da Alhaji masu shekaru su zauna bakin taga da shayinsu suna kallon jikoki.

Ranar ƙarshe ka mayar da kayan haya ka karɓi abin da ka ajiye jingina, ka shanya safa da safar hannu a jikin bututun ɗumama ɗaki su bushe kafin su shiga akwati. Ka bar yini guda don Bursa kanta, tsohuwar hedikwatar Daular Usmaniyya. Ka yi salla a Ulu Cami mai ƙubba 20, wanda aka gama a 1399, ka shiga Koza Han ka yi wa Hajiya tsarabar mayafin siliki, ka ci kebab ɗin Iskender a garin da aka ƙirƙiro shi, sannan ka kai cinyoyinka masu tsami wankan ruwan zafi na unguwar Cekirge, inda maza da mata kowa da ɓangarensa. In kun sauka Kano, a wanke jaket da wandon a shanya a inuwa, a ninke cikin jaka mai zif saboda ƙura da gara, a rubuta sunan kowane yaro a jikin nasa, domin baɗi na babban zai yi wa ƙaninsa daidai.